Yadda Malami Ya Kai San Kulu Kasuwar Shagari

Duk wanda ya zauna a Bodinga a shekarun da aka karɓi mulkin kai ya san Malami. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Mutum ne da bai taɓa ɗaure ko akuya tasa ta kansa ba, amma in aka ɗauko hirar shanu a gindin durumin bakin kasuwa, sai kowa ya haƙura ya zama mai sauraro. Dalilin wannan sarauta tasa guda ɗaya ne. Yana saurayi wasu fatake suka tafi da shi Gusau yana riƙe musu gorar ruwa, ya ga ana loda shanu a jirgin ƙasa za a kai Kurmi, wato Kudu. Shi ke nan, daga ranar ya zama masanin farashi. Shekara ashirin yana cin wannan tafiya, kuma kowace shekara sai ta ƙara tsawo. Ta wuce Gusau ta kai Ilori, daga baya har ta fara leƙa Ikko.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma za ku ji abin da ya sami katangar. Saboda haka in kun ji ina ɗan ɗaga murya a labarin nan, ku yi mini uzuri.

Mai dabba a gidan Malami matarsa ce, Kulu. Da ribar ƙuli-ƙuli ta sayi wani ɗan sa fari, gudale, ramamme, ta kafa masa turke a bayan ɗakinta. Wata takwas tana kiwonsa a ɗaure: dusa mai ɗumi da safe, harawa da rana, ɗan ruwan kanwa jefi-jefi, ga wanka kamar ɗan da ta haifa. San nan ya yi ƙiba har tozonsa ya kwanta gefe guda, in ya juya sai jikinsa ya yi ta rawa shi kaɗai. Kuma ba don sha'awa take wannan wahala ba. Husaini tela zai koma Sakkwato, ya sa kekensa na ɗinki a kasuwa, irin na ƙafa, da teburinsa da komai, fam ashirin. Kulu ta koyi ɗinki wurin matarsa Ramatu, kuma ba abin da take so a duniya kamar keken nan. Husaini ya yarda zai jira ta har ranar Juma'a. In an sauko daga masallaci bai ga kuɗi ba, keke zai hau mota tare da shi.

Ranar Litinin Sama'ila mahauci ya yi sallama. Kulu ta shige ɗaki, aka shigo da shi bayan gida. Ya zagaya san sau biyu, ya matsa gindin wutsiya, ya danna kwiɓi, ya kama tozo ya girgiza, sannan ya taya fam ashirin da ɗaya. Daga cikin ɗaki Kulu ta yi gyaran murya sau biyu, irin wanda ko baƙo ya san ma'anarsa a sallama.

"Albarka," in ji Malami, yana kallon sama.

Sama'ila ya zaci bai ji da kyau ba. Ya ce, "Malami, hwam ashirin da ɗaya nic ce hwa. Ko Sakkwato ka kai shi ba ka samun haka yanzu."

"Kai mahauci na, wuƙa ka sani, ba ka san kasuwa ba," in ji Malami. "An samu mulkin kai. Ministoci sun cika Kaduna, kowane minista da kukunai, kowane kuku nama shika nema. Kwana ukku sunka rage kasuwar Shagari ta ci, kuma 'yan Kurmi na nan tahe. Hwam talatin. In sun yi gardama, talatin da biyar."

Sama'ila ya tuna masa cewa lokacin jangali ne, Fulani suna ta zubo shanu kasuwa don su biya harajin dabbobinsu, kuma inda shanu suka yi yawa farashi ƙasa yake yi. Malami ya yi dariya irin ta mai tausayin jahili, ya ce ai shi ya sa ma za shi, don inda shanu suka taru nan manyan masu saye suke taruwa. Sama'ila ya karkaɗe hannunsa ya fita.

Kulu ta fito ranta a ɓace. Ta ce ita fam ashirin kaɗai take so, ɗayan ya riƙe ya sayi goro, ya bi Sama'ila tun bai yi nisa ba. Ya ce in ya dawo daga Shagari, keke za ta saya har da bandir na yadi ta fara da shi.

"Maigida, sa nawa na hwa."

"Sa naki na, amma baki nawa na. Na ce albarka gaban mutum, sai in bi shi da gudu in lashe?"

Ciniki a wancan zamani maganar maza ce, kuma mace ba ta fita kara, wato kasuwar shanu. Kulu ta koma ɗaki, ranar ko miya ba gishiri.

Shirin Malami a bakinsa mai sauƙi ne. Ya fita Talata da sassafe, ya isa Shagari kafin la'asar, sa ya huta Laraba, ran kasuwa ya karɓi kuɗi. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, ɗan ramammen da ya shigo ta zaure wata takwas da suka wuce ba shi ne zai fita yau ba. Kai ya shiga ƙofa, tozo ya shiga da ƙyar, ciki ya ce a nan zan tsaya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Mutanen unguwa suka taru, kowa da shawararsa. Malami ya ce kada kowa ya damu, haka ake yi a tashar Gusau, ya sa aka jiƙa karkashi ƙwarya guda ya shafe jikin sa da shi don ya yi santsi. Sa ya juya kai yana lasar abinsa. Wanda santsin ya yi wa aiki shi ne Malami, don da ya ja da baya ya taho da ƙarfi zai tura, sai ƙafarsa ta kwashe, ya wuce ta ƙarƙashin sa ya fito waje a kwance. Wani tsoho ya ce to, alhamdu lillahi, ɗaya daga cikinsu ya fita.

Da ƙyar aka janye san ya koma ciki, ƙyauren zaure rataye a ƙahonsa. Ina gona ban san abin da ake ciki ba. Da na dawo da hantsi, sai na iske Malami da gatari, ya fasa katangar da ke tsakaninmu, ya biyo da sa ta tsakar gidana, ta kan tukwanen matata, zai fita ta darnin bayan gida. Na tambaye shi da izinin wa. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, in ya dawo da siminti zai gina mini, irin na gidan Joji, Baturen gwamnati. Har yau da nake ba ku labarin nan ban ga simintin ba, kuma ban yafe ba.

Sai da rana ta take suka kama hanya. Malami ya sha babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya karya hula, igiya a hannu. Kulu ta aiko masa da buhun dusa ya tafi da shi, ya mayar, ya ce fatake ba sa ɗaukar wa shanu guzuri, Allah ya shimfiɗa musu ciyawa a hanya.

Abin da ya faru a hanya Sama'ila ne ya ba ni labari, wani ya gani da idonsa, wani ya ji a bakin mutanen hanya, kuma shi ba ya ƙari, don abin ma bai buƙaci ƙari ba. San da ya yi wata takwas iyakar tafiyarsa tsawon igiya, kofatonsa ya yi laushi, ga nauyin jiki. Daga ƙofar gari zuwa kukar farko ya tafi yana haki, da ya ga inuwa sai ya durƙusa ya kwanta. Malami ya ja igiya, ya yi tsawa, ya roƙa. Ya ce wa masu wucewa su matsa, zai yi masa Fulatanci, don shanu ba sa jin Hausa. Fulatancin nasa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Ya gaishe da sa da kwana, ya gaishe shi da gajiya, ya tambaye shi lafiyar iyali. Sa ya ci gaba da tuƙa. Daga ƙarshe ya murɗa masa wutsiya, sa ya miƙe a fusace ya ba shi ƙafa a cinya, ya matsa taku goma ya sake kwanciya.

Ana haka sai ga Sama'ila a kan keken hawa, ya dawo daga wani ƙauye. Ya sauka ya duba sa, ya ga kumfa a bakinsa, ya ce fam ashirin, a juya da shi gida yanzu. Ko a nan da Malami ya sallama da komai ya ƙare lafiya. Amma akwai mutane a wurin, kuma Malami in da ido a kansa ba ya iya sauka. Ya ce albarka, yana murza cinya.

Ranar nan ko rabin rabin hanya ba su yi ba. Sa ya ƙi ciyawar bakin hanya ƙememe. Ya saba a kawo masa dusa mai ɗumi a ƙwarya, a tsaya a kansa ana yi masa magana, ba ya san a sunkuya a tsinka ba. Ya shinshina ya kau da kai. Haka ya kwana da yunwa, ya tashi da ita, ya tafi Laraba yana ɗingishi, Malami na gaba yana ja kamar mai jan kwale-kwale a tudu.

Wajen azahar suka zo wani ɗan ƙauye, sai sa ya ji ƙanshin harawa. Wata tsohuwa ce, Inna Atika, ta tara harawar wakenta a gefen gida. Nan ne Malami ya gane cewa san na iya gudu in ya ga dama. Da ma ya naɗe igiyar a hannu sau uku don kada ta kuɓuce, saboda haka inda sa ya bi nan ya bi, ta cikin ƙarangiya, rabi a guje rabi a kwance. Kafin ya warware hannunsa sa ya cinye dami biyu ya kama na uku. Sai ga Inna Atika da taɓarya.

Malami ya miƙe ya gyara hula, ya fara yi mata bayani cewa shi babban mai fataucin shanu ne, kuma wannan dabba da take gani ta fam talatin ce, abin alfahari ne ma a ce ta ci harawarta.

"To madalla," in ji tsohuwa. "Mai hwam talatin ba shi rasa sule huɗu. Kawo."

"Inna, kuɗɗina na nan bisa ƙahwa huɗu. In na dawo daga Shagari..."

"Ni kau harawata na nan cikin kuɗɗinka. Ko ka aje wani abu, ko in ɗaure shi nan har shi maido ta."

Ta riga ta kama igiyar, kuma jikokinta manya sun fara fitowa daga gona da lauje a hannu. Malami ya duba jikinsa, abin da ke da daraja ɗaya ne. Ya tuɓe babbar rigar Idi ya miƙa, yana faɗa wa jama'a cewa da ma zafi ya dame shi, manyan fatake ba sa tafiya da riga. Tsohuwa ta ɗaga rigar ta duba, ta ce sai ta kwana biyu tana cire ƙarangiya kafin ta yi sule huɗu.

Bai yi nisa ba sai ga Sama'ila kuma, wannan karon ya nufi Shagari don kasuwar gobe. Ya dubi Malami daga shi sai singileti da wando. Ya shafa haƙarƙarin sa, ya ɗaga ƙafarsa ya duba kofato, ya ce sha takwas. Ya ce kitsen turke a hanya yake narkewa, kowane taku da abin da yake ci, kuma shi don Kulu yake tsayawa, ba don wani ba. Malami ya ce albarka, ya ƙara da cewa gobe Sama'ila ya zo ya ga yadda manya ke ciniki.

Ni kuwa ran kasuwa na bar aikina na hau mota zuwa Shagari. Ba saye na je ba, ba sayarwa ba. Mutumin da ya fasa mini katanga nake so in ga ƙarshensa da idona.

Kara ta cika ta batse. Ban taɓa ganin shanu haka ba, farare da jajaye, Fulani tsaye da sanduna a kafaɗa, kowa na so ya sayar ya huta da masu jangali. Na tsaya wurin Maniru dillali, wanda ya tsufa a karar nan, ina jin yana yi wa mutane bayani. Bijimin yanka da ake saye fam ashirin da biyu watan jiya, yau sha bakwai ake roƙon mahauta su ɗauka. 'Yan Kurmi biyu ne kacal suka zo, kuma tun da hantsi suka cika garkensu suka tafi. Abin da ya yi tsada shi ne ƙananan shanu na kiwo, ramammu, masu ƙashi. An gama girbi, kowa na da harawa da dusa, manoman Kajiji da na Danchadi sai rububinsu suke yi, na fam shida ya koma tara.

Sai da rana ta yi tsaka Malami ya iso. Da farko ban gane san ba. Tozo ya saki, kwiɓi ya faɗa, fatarsa ta yi yawa a jikinsa, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ƙaya. Na gaya wa Malami abin da na ji a bakin Maniru. Ya ce ai shi ma haka ya yi hasashe tun farko, amma akwai dabarar da sai wanda ya je Ikko ya sani.

Dabarar kuwa kowane yaron mahauci ya san ta. A ba sa kanwa ya lasa ƙishirwa ta kama shi, ya sha ruwa da yawa, cikinsa ya cika ya yi kamar mai ƙiba. Masu yi ɗan kaɗan suke bayarwa, tun da asuba. Malami ba shi da ko kwabo, sai ya ba wata mai kanwa hularsa, ta ba shi dunƙule guda babba. Ya daka shi duka ya dama, ya ɗura wa sa, sannan ya kai shi bakin rijiya. Sa ya sha guga huɗu. Cikinsa ya tashi ya yi tam, sauran jiki kuwa yana nan yadda yake.

Ya jawo shi tsakiyar kara, wurin shanun yanka, ba riga ba hula, ƙarangiya har gwiwa, ya fara shela. Ya ce mutanen Shagari su matso su ga irin naman da ake ci a Kaduna. Ya ce wanda bai riƙe fam talatin ba kada ya ɓata masa lokaci. Jama'a suka taru, don kasuwa ta yi sanyi, kowa na neman abin kallo. Sarkin Fawa na garin, wani dattijo mai farin gemu, ya matso ya dafa cikin sa da tafin hannu ya ɗan tura. Duk muka ji ruwa ya kaɗa a ciki.

"Malam," in ji shi, "mu nama muka saye. Ruwa akwai shi ga rijiya kyauta."

Aka yi dariya. Malami ya ce abin mamaki ne a ce Sarkin Fawa guda bai san inda ake duba kitse ba. Ba a ciki ake dubawa ba, a gindin wutsiya ake dubawa, kuma yanzu zai koya musu. Ya zagaya bayan sa, ya kama wutsiya da hannu biyu ya ɗaga sama, ya ce kowa ya matso kusa. Duk wanda ya san aikin kanwa sai na ga yana ja da baya, har Sarkin Fawa da tsufansa ya yi tsalle gefe. Cikin sa ya yi wani ƙugi. Malami kaɗai ya rage a wurin, ya sunkuya yana nuni da haɓa.

Ba sai na tsawaita ba. Dunƙulen kanwa da guga huɗu da harawar Inna Atika duk suka fito lokaci guda, kuma ba ko ɗigo da ya ɓata hanya. Singiletin nan ba ta sake zama fara ba. Kara ta kaure da dariya, Fulanin da ba sa buɗe baki gaban mutane har da zama a ƙasa. Ni kaina na yi dariya har sai da na riƙe turke, na ji rabin haushin katangata ya tafi.

Wani mai tausayi ya sheƙa wa Malami ruwa guga biyu. Da sa ya gama, sai ya koma abin tausayi, ciki ya lafe, haƙarƙari a fili. Maniru ya zo ya duba, ya yi magana a hankali don kada ya ƙara wa Malami kunya, amma kowa ya ji. Ya ce wannan yanzu ba na yanka ba ne, a mayar da shi ɓangaren shanun kiwo.

Malami ya yi farin ciki da haka, ya ce da ma ya ji na kiwo ne ke tashe yau. Amma manoma ƙananan shanu suke nema, waɗanda za su girma a hannunsu. Wannan ya riga ya gama girma, ci ne da shi, ga ɗingishi. Wani mutumin Kajiji ya taya sha ɗaya. Wani ya ƙara fam guda, ya ce saboda fatar. Malami yana ta albarka, amma kowace albarka ta fi ta baya ƙanƙanta. La'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa, sa ya kwanta a inda yake. Ko makaho ya san ba zai iya taka hanyar Bodinga ba, kuma gobe Juma'a.

Sai a lokacin Sama'ila ya matso. Ya ce sha huɗu, kuma shi zai biya la'adar dillali. Ya ce sai ya ajiye shi wata biyu kafin ya yi nama, kuma ya rantse ko sisi ba zai iya ƙarawa ba. Malami ya dube ni, ni kuwa na dubi sama kamar yadda ya yi ran Litinin. Ya motsa baki. Maniru ya ce ba a ji ba, ciniki sai shaidu sun ji.

"Na sallama," in ji Malami.

A nan ne dariya ta ƙare mini, don na tuna da Kulu da dusarta ta kowace safiya, na ji ba daɗi ƙwarai. Na ara masa mayafina ya yafa, muka hau motar ƙarshe. Kafin mu yi mil uku har ya farfaɗo. Ya fara gaya wa fasinjoji cewa Allah ya taimake shi ya sayar a kan gaɓa, don mako mai zuwa irin wannan sa fam goma ma ba zai yi ba. Mutanen da ke kusa da shi dai sai matsawa suke yi.

Labari ya riga mu isa. Kulu ta karɓi kuɗin ta shige ɗaki. Da safe matata ta ce mini ta iske ta zaune gaban turke tana kuka, ba da ƙarfi ba. Amma Kulu ba mai dogon kuka ba ce. Ta share hawaye ta aika a kira mata Ramatu, suka yi shawara, Ramatu ta koma wurin mijinta. Husaini ya ce fam sha huɗu ba ya sayen keke, amma yana sayen kan keke. Teburin da ƙafar ƙarfen akwai wani tela a Danchadi da ya daɗe yana nema, zai ba da fam shida. Kafin a tafi masallaci aka kawo kan keke cikin kwando, an lulluɓe shi da zane.

Kulu ta ɗora shi a kan akwatinta, ta goge shi tas, ta zura zare. Keken ƙafa ne, ba shi da mariƙin hannu. In za a ɗinka sai mutum ɗaya ya riƙe yadi da hannu biyu, wani kuma ya juya wilin gefe. Malami ya sa tsohuwar rigarsa zai fita gindin durumi, don ya riga ya shirya yadda zai ba da labarin Shagari, sai ta kira shi.

"Maigida, zamna nan."

"In yi mi?"

"Ƙahwar keke ka bari hanyar Shagari. Ni in riƙe yadi, kai ka juya."

Ya ce haba, mutum kamarsa, wanda manyan fatake suka sani, a gan shi zaune cikin mata yana juya keke. Kulu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wata takwas tana tashi tun assalatu tana dama dusa, shi kuwa kwana uku ya yi. Ta nuna masa tabarma. Ya dubi ƙofa, ya dube ta, ya zauna.

Wata biyar ya yi yana juyawa kafin ɗinki ya tara mata kuɗin teburi. Gindin durumi ya yi shiru, har muka fara jin muryar juna. Amma kada ku zaci ya daina. Matan unguwa da ke kawo ɗinki su ne suka gaje mu. Ina daga tsakar gidana ina jin sa yana gaya musu cewa a manyan kamfanoni na Kurmi mai wannan aiki injiniya ake ce masa, albashi ake biyansa, kuma duk lardin Sakkwato ba hannun da ke juya wili daidai kamar nasa. In labari ya yi daɗi sai ya saki wilin don ya yi nuni da hannu, keke ya tsaya cak, allura a tsakiyar yadi. Sai in ji muryar Kulu, ba fushi ba gaggawa.

"Injiniya, rigar Balaraba ta, kuma gobe suna. Juya."